Motar Kara da Mutum-mutumin Cikin Kwali

Ina aji huɗu na firamare aka taka mini mota. Ta kara ce, ƙirar a-kori-kura, kwana uku na yi ina haɗa ta a zaure. Wanda ya taɓa yi ya san aikin: ka sami karan dawa busasshe wanda bai ruɓe ba, ka ɓare ɓawonsa da tsohuwar reza, ka tsaga shi siri-siri ya zama ƙusoshinka, ka yanka totuwar daidai-wa-daida ka riƙa sossokawa. Tayoyin na sakaina ne, na goge su a jikin dutse har suka yi da'ira. Wahalar duk tana wajen gindin taya, domin in ramin ya matse ba za ta juya ba, in ya yi faɗi kuma sai ta riƙa rawa tana karkacewa. Na kai ta makaranta don in nuna wa abokin zamana. Malami ya hango ta a ƙarƙashin benci, ya ce in fito da ita, ya ɗora takalmi a kai, sannan ya ce wasan banza a bar shi a gida. Abin dariyar shi ne, a ranar Alhamis ɗin makon muna da darasin aikin hannu, kuma abin da aka ce kowa ya kawo shi ne tsintsiya. Mafi yawanmu a kasuwa iyayenmu suka saya mana, aka ba mu maki.

Na tuno da wannan ne saboda yanzu maganar koyar da yaran firamare haɗa mutum-mutumi, wato na'urar nan mai motsi da bin umarni da ake kira robot, ta zama yayi. Makarantun kuɗi a Kano da Kaduna da Abuja suna rubuta ta a allon talla, kuma za ka ji masu faɗa a ji suna cewa a sayo wa makarantun gwamnati irin waɗannan kaya don kada a bar yaranmu a baya. Ina goyon bayan yaro ya yi gini da ƙira a aji, goyon baya mai ƙarfi ma kuwa. Abin da nake tsoro shi ne mu sayi kwalin kayan mu manta da abin da ya sa kwalin yake da amfani, alhali wannan abin yana nan a lungunanmu kyauta, mu ne muke taka shi da takalmi.

Turawan da suke sayar mana da kayan ba su ɓoye asalin tunanin ba. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya buɗe makarantar ƙananan yara a Bad Blankenburg a 1837, wadda daga baya ya raɗa wa suna kindagatin, guntayen katako ya ba yara: mai kusurwa, mai mulmule, mai kamar ganga, su jera su rushe su sake jerawa. Kamfanin LEGO na Denmark, wanda wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa a 1932, da kayan wasan katako ya fara, sai a 1958 aka yi wa bulon robar nan mai maƙalewa rajista. Shi kuwa Seymour Papert, masanin lissafi haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya yi aiki da Jean Piaget, masanin yadda tunanin yara yake girma, a Janiba kafin ya koma jami'ar MIT ta Amurka, ya ba da labarin cewa tun yana ɗan mitsitsi giyar mota ce ta ɗauke masa hankali, kuma da ya zo koyon lissafi, haƙoran giyar nan yake hangowa suna juyawa a kansa. A 1967 shi da abokan aikinsa suka fito da Logo, harshen kwamfuta na yara, inda yaro yake ba wani ɗan kunkuru umarni ya yi gaba taku kaza, ya juya dama, ya ja layi. Daga wannan jijiyar ce LEGO Mindstorms, kayan haɗa mutum-mutumi na yara, ya fito a 1998. Ra'ayin Papert guda ne: yaro ya fi fahimtar abu idan yana gina wani abin da zai iya ɗagawa ya nuna, ya ce ga nawa, abin ya ƙi aiki, ya zauna ya binciko dalili.

To wane ɓangare na wannan ne baƙo ga yaron da ya taso a Gwammaja ko Tudun Wada ko Damagaram?

Kwanakin baya ɗan ƙanwata, mai shekara 11, ya haɗa motar haƙa ƙasa da kwali da sirinji huɗu da robar ƙarin ruwa. Irin ta ba sabon abu ba ce, yara da yawa suna yi, suna gani a wayar yayyensu. Amma ni na zauna na kalli yadda yake fama. Hannun motar ya ƙi ɗagawa sosai, sai ya ɗan taso ya tsaya yana karkarwa. Na ce masa ko ruwan ne ya yi kaɗan. Bai ko ɗago kai ba ya ce, “A'a Kawu, iska ce ta shiga. In akwai iska a ciki, kana dannawa ita take lotsawa, ruwan ba ya tafiya.” Ya zare robar, ya tsoma bakinta a kofi, ya zuƙo ruwa a hankali har ƙwayoyin iskar suka fita, ya mayar. Hannun ya miƙe tsaf. Wannan yaron ya gano da yatsunsa cewa iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa, wanda shi ne sirrin birkin mota da jak ɗin makanike da katafila ta gaske. A makaranta kuma, a jarrabawar kimiyya ta zangon da ya wuce, da ƙyar ya haye. Na duba littafinsa: an rubuta musu siffofin abu guda uku, wato daskararre da ruwa da iska, da Turanci, sun kwafa, an sa musu jan biro. Ba wanda ya taɓa ce masa abin da ke cikin littafin nan shi ne abin da ke cikin sirinjinsa. (Na dai tsawata masa a kan inda ya samo sirinjin. Sabo ake saya a kemis, ba a tsinto na bola.)

Amfanin farko na irin wannan wasa ke nan, kuma shi ne mafi girma a ganina: yana ba kalmomin littafi jiki. Ɗauki lissafin da'ira da ake koya wa 'yan aji biyar da shida. An ce su haddace 22 bisa 7, sun haddace, ba su san me ya haɗa su da ita ba. Amma ba yaro murfin gwangwani mai faɗin santimita 7 ya yi taya da shi, ya ɗiga masa alli, ya gara shi a kan siminti sau ɗaya ya auna. Zai sami santimita 22. Ka ce masa kana so motar ta tsaya daidai bakin ƙofa, tazarar santimita 110, sau nawa tayar za ta juya? Yaron da ya ƙirga biyar da idonsa ya riga ya mallaki wannan lissafin, ba aro ya yi ba. Haka giya: ƙarama mai haƙori 8 tana jan babba mai haƙori 24, ƙaramar ta juya sau uku kafin babbar ta juya sau ɗaya, gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru, shi ya sa direban tifa yake saka giya ɗaya a hawa. Ga kason lissafi nan ya shiga kai ba da bulala ba. Haka gada ta tsinken tsire: mai kusurwa huɗu tana langaɓewa, ka gitta mata tsinke ɗaya ta koma kusurwa uku-uku sai ta tsaya ƙyam. Daga ranar yaron zai fara lura da ƙarafan tankin ruwan unguwarsu da katakon rufin ɗaki.

Akwai kuma wata baiwa da jarrabawarmu ba ta aunawa sam, wato iya juya siffa a cikin kai, ka kalli zane a takarda ka hango abin a tsaye, ka san yadda zai kasance in an kifa shi. Tela mai yanka yana da ita, magini yana da ita, haka mai gyaran injin. A Amurka, a 1960, an gwada ɗaliban sakandare kusan 400,000 aka bi rayuwarsu shekaru bayan haka, kuma masu nazarin bayanan sun tarar cewa wannan baiwa tana nuna wanda zai yi nisa a aikin injiniya da kimiyya, ko bayan an cire tasirin iya lissafi da iya harshe. Wani babban nazari na 2013 da ya tattara bincike sama da 200 ya nuna ba gado ba ce kawai, ana koyonta, kuma in an koya tana zama. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, wanda aka ba shugabancin hukumar ƙera motoci ta Najeriya a 2017, da zanen motoci ya taso tun yana yaro. Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur har duniya ta ji labarinsa a 2007, ba a aji aka koya masa ba. Nakan tambayi kaina irinsu nawa ne aka taka wa mota a aji huɗu suka haƙura.

Sai batun kuskure. A ajinmu kuskure abin kunya ne: ka faɗi ba daidai ba a yi maka dariya ko a zane ka, saboda haka yaro mai wayo yakan koyi yin shiru. Wajen ƙira kuwa ba mai yi maka hukunci sai abin da ka ƙera. Ta tafi ko ba ta tafi ba. In ba ta tafi ba, ba zagi, sai tambaya: waya ce ta tsinke, batir ne ya mutu, ko tayar ce ta cije? Ka gwada ɗaya, ka kawar da shi, ka gwada na gaba. Wannan bin diddigin shi ne rabin aikin likita da makanike da mai rubuta manhajar kwamfuta. Kuma da yake yawanci yara uku ko huɗu ake haɗawa a kan abu ɗaya, dole su yi gardama, wani ya riƙe wani ya ɗaure, mai baki ya gane cewa shiru-shirun nan na ƙarshen benci ya fi shi ido.

Ban ce kayan zamani ba su da abin da suka fi kara da shi ba. Suna da shi. Motar kara sai ka ja ta da zare. Mutum-mutumi kuwa kana iya gaya masa in ka ga bango ka tsaya, in duhu ya yi ka kunna fitila. Wannan tunanin na “in kaza ya faru, yi kaza”, da na maimaita umarni sau goma ba tare da ka rubuta shi sau goma ba, kara ba zai koyar da shi ba, kuma duniyar da yaran nan za su nemi abinci a cikinta cike take da shi. Tambayar ita ce wane kaya, a hannun wa, kuma a wane mataki.

A nan ne nake so mu tuna baya. Lokacin da aka fara aiwatar da tsarin 6-3-3-4 a 1982, an shigo da darasin gabatar da fasaha a ƙananan sakandare, aka yi odar injinan aikin katako da na ƙarfe daga ƙasashen waje da kuɗi masu yawa. Duk wanda ya yi makarantar gwamnati a shekarun da suka biyo baya ya san ƙarshen da yawa daga cikinsu: akwatuna a sito ko a baranda, rana ta doka, damina ta doka, babu wutar da za a kunna su, babu ɗakin da za a kafa su, babu malamin da ya san kansu. Mun yi darasin a kan allo, muna zana zarto muna rubuta sunayen sassansa. Ba mu kaɗai ba ne kuma. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan makaranta ƙananan kwamfutoci sama da 800,000 a ƙarƙashin shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga ƙari a sakamakon lissafi da karatu ba. Na'ura ta isa, koyarwa ba ta sauya ba.

Na ga ƙaramin misalin haka da idona a wata makarantar kuɗi da aka gayyace ni bikin ba da kyaututtuka. An fito da mutum-mutumi ya bi baƙin layi a kan tebur, iyaye suna tafi suna ɗauka a waya. Bayan taro na tambayi yarinyar da ta danna maɓallin yadda abin yake gane layin. Ta ce, “Wallahi Baba ban sani ba, Malam ne ya haɗa, ya ce kar mu taɓa kar ya lalace.” Ban ga laifin malamin sosai ba. Kwali ɗaya na kayan haɗa mutum-mutumi na LEGO SPIKE Prime yana kai wa dala 400, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, kuma in ɗan ƙaramin sashe ya ɓace daga albashin malamin za a cire. Kowa ma zai kulle shi a kabad. Amma kayan ƙirar da aka hana yaro taɓawa ado ne kawai, kuma iyaye suna biyan kuɗin adon a kowane zango. Ga shi kamfanin da kansa ya daina yin Mindstorms a ƙarshen 2022, wanda ya tara su sai ya nemi kayan gyara a hannun 'yan gwanjo.

Wani zai ce, kuma da gaskiyarsa, wai ana maganar mutum-mutumi a jihar da yara ɗari suke zaune a ƙasa a aji ɗaya? A ƙasar da UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa? A inda Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu a 2017, sama da 21,000 suka kasa? Na yarda, in aka ce in zaɓa tsakanin kwalin mutum-mutumi da malamin da zai sa yaro ya iya karatu, ko tsayawa tunani ba zan yi ba. Sai dai wannan hujjar kwalin dala 400 take kayarwa, ba ta taɓa kara da gwangwani ba. Hasali ma ajin da ba shi da littafi shi ya fi buƙatar abin da za a riƙe a hannu. Kuma yaron da yake gudun makaranta ya tafi garejin unguwa yana wanke kusoshi, sau da yawa ba ilimi yake gudu ba, zaman kwafar allo ne ya ishe shi.

Abin da nake ganin zai yiwu ba ya buƙatar kwangila, wataƙila shi ya sa ba a cika son sa ba. Daga aji ɗaya zuwa uku, yumɓu da kara da kwali da murafen lemo da guntayen katako da kafintocin unguwa suke zubarwa sun isa. A ware awa ɗaya ko biyu a mako, a dawo da aikin hannu na gaskiya, wanda a gaban malami za a yi shi, ba a sayo a kasuwa ba. Aji huɗu a ƙara batir da waya da ƙwan tocila da ɗan injin nan da yara suke cirowa daga matattun rediyo da fankar caji. A aji biyar da shida ne za a shigo da abin da ake ba umarni, shi ma mai araha. Akwai micro:bit, ɗan allo da bai kai tafin hannun yaro ba, mai ƙananan fitilu 25 da maɓallai biyu, yana aiki da ƙananan batura biyu, wanda BBC ta raba kusan miliyan ɗaya ga ɗaliban Birtaniya a 2016. Kuɗin kwalin LEGO ɗaya zai sayi fiye da goma. Ana tsara masa umarni ta hanyar jera tubala a allon kwamfuta ko wayar hannu, irin salon Scratch, manhajar koya wa yara tsara umarnin kwamfuta. Akwai Arduino, shi ma wani ɗan allon da ake ba umarni, wanda aka fara a Italiya a 2005, ga malamin da ya ɗan ƙware. A maƙala ɗaya daga cikinsu a jikin motar da yaro ya ƙera da kansa, ya zama ƙwaƙwalwa ce kawai aka sayo, gangar jikin tamu ce. In ta karye a sake yanko kara.

Kuɗin da ya rage a zuba shi a kan malami. Kwalejojin ilimi su sa mai neman takardar koyarwa ya ƙera abu da hannunsa kafin ya fita, domin wanda bai taɓa haɗa batir da ƙwai ba ba zai bar yara su gwada ba, tsoro yake kada su tambaye shi. A kuma buɗe ƙofa ga masu sana'a. Kasuwar Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano cike suke da mutanen da za su yi wa yaro bayanin giya da Hausa a minti biyar ya gane. Me zai hana hedimasta ya roƙi mai walda ko mai gyaran waya na unguwa, wanda ɗansa ma yana makarantar, ya zo sau ɗaya a wata?

Kuma kada a ce na maza ne. A unguwa, da yarinya ta kai hannu kan motar waya ake ce mata je ki wajen 'yar tsana, kamar ba ita ce take ɗinka wa 'yar tsanar riga ba tare da awo ba, take kitsa kai gida-gida daidai ba ta kuskure lissafi. Idan aka bar abin ga lungu, 'yan mata ba za su taɓa samun rabonsu ba. Aji ne kaɗai wurin da malami zai iya cewa yau ke ce mai riƙe sukuddireba, kai kuma ka rubuta abin da ta yi.

Ɗan ƙanwata yanzu ya koma kan wata matsalar. Yana so motar ta juya a kan gindinta kamar ta gaske, kwalin kuma yana lanƙwashewa da zarar bokitin ya ɗebi yashi. Ya gwada ninka shi biyu bai yi ba. Jiya na iske shi yana yanka wani kwalin a tsaye maimakon a kwance, wai ya lura in ramukan cikin suka bi tsawon hannun ya fi ƙarfi. Na tambaye shi ko ya nuna wa malamin kimiyyarsu. Ya ce ba a shiga da kayan wasa makaranta, a bakin ƙofa ake karɓewa.